Abin Da Aka Ce Na Sha A Nono

Mazan gidanmu na Barkiya manya ne, masu wuya da tumbi, irin waɗanda in sun hau jaki sai ka tausaya wa jakin. Babana ya fi su duka. Shi kaɗai yakan tashi da akushin tuwon dawa, ya kora da fura, ya koma gona ya yi ta huɗa har la'asar. Don haka da ya fara ramewa ba wanda bai lura ba. Ni ban ga farkon abin ba, ina gidan miji a Birchi. Sai da aka kawo ni gida goyon ciki, cikina na fari, na tarar da rigarsa tana yawo a jikinsa.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne cinsa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Ga ƙishirwa. Inna, wato mahaifiyata, za ta cika randa da safe, kafin azahar moɗa tana kartar gindinta. Ya sha ya zagaya bayan danga, ya dawo ya sha ya sake zagayawa, kuma inda ya tsuguna sai ka ga kiyashi sun yi dafifi. Yayansa, wanda muke kira Baffa, shi ne maigida tun rasuwar kakanmu. Ya riƙa kawo zuma da mazarƙwaila yana cewa a dama wa ƙaninsa a fura don ya mayar da jiki. Inna tana damawa, Baba yana sha, jiki yana ta zubewa.

Cikin wannan hali na haihu, na sami 'ya mace. Inna ta rabu biyu: ta dafa mini ruwan wanka, ta dama mini kunun kanwa, ta koma ta ɗaga mijinta ta zaunar. Yarinyar kuwa, da yake 'yar fari ce, a gaban mutane ba na kallonta, ba na faɗin sunanta, in ta yi kuka sai an ce mini in ɗauke ta. Haka kunya ta ce a yi, haka na yi. Amma da na saki labulen ɗaki sai in cusa hancina a tsakar kanta in yi ta shaƙa. Ina sonta so mai ban tsoro, ba kuma wanda zan faɗa wa. An yi arba'in ban koma Birchi ba, saboda Inna ba ta da mataimaki. Ina nan har yarinyar ta fara zama.

Baffa ne ya fara furta maganar. Ya ce mutum yana ci yana ramewa, to cinsa ake yi. Ya aika bayan Kurfi aka ɗauko wani mai maganin mayu, wani siririn mutum mai jar hula da haƙora kamar na akuya. Lokacin Baba ya riga ya fara fita hayyacinsa, yana barcin da ba barci ba. Aka fito da shi tsakar gida da hantsi, aka lulluɓe shi da bargo, aka tura kaskon hayaƙi ciki. Mai maganin ya durƙusa yana tambaya, “Wa ya kama ka? Hwaɗi sunanshi, kar ka ji tsoro.” Baba ya yi tari, ya yi tari, sai ya kira sunan Inna, sunanta na yanka, wanda ban taɓa jin ya faɗa a gaban mutane ba. Bayan sunan ya ce, “Ruwa.” Na ji da kunnena, ina tsaye kusa da kansa. Na faɗa, na sake faɗa, ba wanda ya ko waiwaye ni. Mutumin da hayaƙi ya shaƙe, wa zai kira in ba matar da ke ba shi ruwa ba? Amma sun riga sun ji abin da suka zo ji.

Inna 'yar Dutsin-Ma ce, ba ta da kowa a Barkiya, kuma mace ce marar yawan magana. Shirun da ake yaba mata da can, ranar shi ya zama shaida. Aka cire mata mayafi da ɗankwali, aka bar ta da zane ɗaya, aka ce ta ɗage shi zuwa gwiwa ta tsallake mijinta, don ta saki kurwarsa da ta kama. Gari duk ya hallara, masu leƙe ta danga har sun karya ta. Matan da Inna ta yanke wa 'ya'yansu cibi suna cikin masu tofar da yawu. Ta tsallake, ta dawo, ta sake tsallakewa. Aka ba ta ruwa ta kurkure baki ta zuba a ƙoƙo, aka ɗura wa Baba. Ya shanye tas, don ko ruwan me aka ba shi sha zai yi. Mutane suka ce ka gani, ya gane maganinsa.

Bai kai Juma'a ba ya rasu. Baffa ya ce an makara, ta riga ta haɗiye. Ko takaba ba a bar ta ta yi a ɗakinta ba, aka watso mata tukwanenta waje.

Muna cikin ɗaure kaya sai ga uwar mijina daga Birchi, ita da wata matar wan mijina mai goyo. Na ɗauka gaisuwar mutuwa suka zo. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba. Ta zagaya bayana ta fara kwance mini majanyi.

Na ce, “Iya, lafiya?”

Ta ce, “Lahiya ce ta kawo mu. Ke kin sha, ba yadda za a yi da ke. Wagga kau ba za ta ƙara ko ɗigo ba.”

Kowa a ƙasarmu ya san hukuncin. In uba ne maye, ɗa gani kawai yake yi, yana ganin kurwar mutum amma ba ya iya ci. In uwa ce, to a nono ake sha, kuma wanda ya sha ya zama cikakke. Na sha a wurin Inna, 'yata tana sha a wurina. Lissafinsu ke nan, kuma a ganinsu ceton yarinyar suka zo yi. Na riƙe majanyin, ta murɗe mini yatsu. Matar wan mijina ta karɓe ta, nan take ta cusa mata nata nonon a baki. Yarinyar ta ƙi, tana miƙo mini hannu. Na manta da kunyar 'yar fari, na faɗi ƙasa ina ihu. Wata daga bayan danga ta ce, “Ku ji ta, an ƙwace mata nama.”

Mijina bai zo ba. Saki ma a bakin ƙaninsa ya aiko mini. Ban taɓa ganin namiji mai tsoron uwarsa irinsa ba, kuma har ya mutu ban yafe masa ba.

Da ƙafa muka tafi Dutsin-Ma, ni da Inna, tukwane a ka. Nonona ya kumbura ya yi tauri, yana zuba yana jiƙa zane, ƙuda suna bina. A gindin wata tsamiya Inna ta zaunar da ni ta tatse mini a ƙasa. Tana yi tana cewa in yi haƙuri, ita ta ja mini. Na ce in ta ƙara faɗin haka zan koma in faɗa rijiyar Barkiya. Ba ta ƙara ba.

Kawuna, ƙanin Inna, ya ba mu ɗaki. Muka kama suyar gyaɗa, muna matse mai muna yin ƙuli-ƙuli. Ba wanda ya san labarinmu a unguwar, matan maƙwabta suna shigowa da kwalabensu suna saye, har suna zama hira. Inna ta ɗan murmure. Ni kuwa da an gama girbi sai in kama hanyar Birchi. Ban taɓa wuce zaure ba. Uban mijina ke tare ni, wani dattijo mai sanyin murya, mai carbi, wanda bai taɓa ɗaga mini harshe ba, kuma na fi jin zafinsa a kan matarsa. Nakan ji muryoyin yara daga cikin gida in yi ta ƙoƙarin tsinkayo wacce ce tawa. A zuwana na farko ya ce mini, “Ɗiyata, mu ba azzalumai ba ne. Ran da ya tabbata uwarki ba ta da abin ga, ki zo ki ɗauki ɗiyarki. Na yi maki alkawari.” Na riƙe wannan magana, ita nake ci ita nake sha. Sai dai ta yaya ake tabbatar da cewa mutum bai ci kurwa ba?

Shekaru suka tafi. Aka yi ta hidimar samun mulkin kai, 'yan makaranta suna yawo da tutoci, ni abin bai dame ni ba. Bayan nan ne, wata ranar kasuwa, aka yi sallama a ƙofar gidan Kawu. Na leƙa na ga jaki, a kansa wani tsoho da aka ɗaure da rawani don kada ya faɗo, 'ya'yansa biyu suna riƙe da shi. Sai da ya yi magana na gane Baffa ne. Tumbin nan babu, wuya ya zama igiya, ƙafarsa ta dama an naɗe da tsumma, wari yana tashi. Abin da ya fara cewa shi ne a ba shi ruwa.

Wallahi na yi murna. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta yi fari ƙal. Na ce to ga shi, Inna tana Dutsin-Ma shekara da shekaru, ciwon ya kama wani a Barkiya, yau gaskiya ta fito. Ashe ban san mutanenmu ba. Babban ɗansa ya tsaya a tsakiyar lungu, ya ɗaga murya yadda duk mai wucewa kasuwa zai ji, ya ce mayyar da ta cinye ƙanin ubansu ta biyo ubansu daga nesa don ramuwa, ta fito ta tsallake shi.

Kawu ya ɗauko taɓarya. Inna ta riƙe shi. Ta cire ɗankwalinta da hannunta, ta fito, ta ce a kwantar da shi. Na ce mata, “Inna, in kika tsallake kin amsa.” Ta ce, “In ban tsallake ba ya mutu, na amsa. Bari dai kar ya tahi da sunana a baki.” Ta tsallake shi a gaban matan da ke sayen manmu. Daga ranar ba wadda ta ƙara shigowa da kwalba.

Suka kwana a zauren Kawu, wari ya hana kowa sakat. Da safe na tsaya a kansu na ce sun sami abin da suka zo nema, saura nawa: su ɗauke shi mu je ɗakin shan magani a wanke ƙafar nan. Ba don tausayi na faɗa ba, so nake wani wanda ba ɗan Barkiya ba ya dube shi. Su ma warin ya ishe su, suka yarda.

Malamin asibitin wani matashi ne mai farar riga. Ya kwance tsumman, ya dubi yatsun da suka yi baƙi, ya soka wa tafin ƙafar allura, Baffa bai ko motsa ba. Ya sa aka karɓo fitsarinsa, ya ɗiga a wata 'yar siririyar kwalba mai ruwa shuɗi, ya kara a wuta. Muna kallo ruwan ya juye ya koma ja kamar jar ƙasa. Ya ce wannan ciwon suga ne. Ranar na fara jin sunan. Sai ya tambayi Baffa, “Baba, a gidanku akwai wanda ya taɓa yin irin wannan? Yawan sha, yawan fitsari, rama?”

Baffa ya ce ƙaninsa. Malamin ya ce sai wa? Baffa ya ce ƙanwarsu da aka aurar Kurfi, ita har makancewa ta yi kafin ta rasu. Sai wa? Baffa ya ce ubansu ma haka ya ƙare, da ƙafa a ruɓe.

Na tsoma baki, ko da yake ba a tambaye ni ba. Na ce, “Baffa, sa'ad da Kaka ya rasu, an auro Inna gidanku?”

Ƙaramin ɗansa ne ya ce mini a hankali, “Ai ko babanki bai yi aure ba a lokacin.”

Malamin bai san abin da muke ciki ba, ya ci gaba da bayaninsa. Ya ce ba a ɗaukarsa a wurin wani, ba a sa wa mutum. A jinin gida yake bi, yadda tsawo ko wushirya ke bi. Ba kowane ɗa yake kamawa ba, wani ya tsallake, wani ya faɗa, kuma yakan yi kwanto sai mutum ya manyanta, musamman mai jiki. Ya ce zuma da rake da mazarƙwaila ƙara masa wuta suke yi. Ya ce shi wanki kawai zai iya, allurar ciwon sai babban asibitin Katsina, ƙafar ma mai yiwuwa sai an yanke. Gaskiya ya faɗa, don ni ma da na manyanta ciwon ya zo ya same ni, ya riga ya ci mini ido ɗaya. Ƙanina da muke ciki ɗaya kuwa har ya tsufa bai san shi ba.

Na dubi Baffa na ce ya faɗa da bakinsa cewa Inna ba ta ci kowa ba. Ya ce, “Na ji abin da yaron ga ya ce.” Iyakar abin da na samu ke nan. Ya ƙi zuwa Katsina, ya ce ba za a binne shi da ƙafa ɗaya ba. Suka mayar da shi Barkiya, bai ga damina ba. Bai nemi gafarar Inna ba, ita ma ba ta jira ba.

Babban ɗan nasa, mai ihun nan a lungu, shi ne ya fi kowa tumbi a samarin gidan, kuma tun daga asibitin na ga yana shafa shi. Tsoro ya yi masa abin da kunya ba ta yi ba. Bayan an share makoki ya yarda ya raka ni Birchi ya ba da shaida. Inna ta soya wa jikarta ƙuli-ƙuli mai siffar zobe, ta ƙulle mini a gefen mayafi. Na yi kitso, na sa lalle. A hanya har waƙa na yi.

Uban mijina ya saurare mu a zaure, yana jan carbi. Ɗan Baffa ya faɗi komai, bai rage ba, har da kwalbar da ta koma ja. Dattijon ya girgiza kai ya ce, “Ashe an zalunci baiwar Allah. Allah Shi yahe mana.” Na ji hawaye sun zubo mini, na kifa kai ina godiya.

Sai ya ce, “Tsaya. Ka ce a jini yake?”

Ɗan Baffa ya ce haka malamin asibiti ya faɗa.

“Daga kaka zuwa ɗiya, daga ɗiya zuwa jikoki.” Ya juyo gare ni, muryarsa a sanyaye kamar kullum. “Ke kau ɗiyar ubanki ce. Yarinyar ga kuma ɗiyarki ce. To kin gani, mu da nono muke tsoro, shi kau ana yaye shi, mun yaye. Jini fa, mi za a yi mashi? Mun so in ta girma mu haɗa ta da ɗan wan ubanta, ta zauna cikin gida. Ba za mu shuka abin ga a zuri'armu ba.” Ya ɗaga murya kaɗan ya ce a haɗo wa yarinyar kayanta. Ya ƙara da cewa shi mai cika alkawari ne.

Aka fito da ita. Ta yi tsawo, haƙoranta na gaba sun faɗi, goshin Babana ne sak. Tana maƙale da zanen matar da ta shayar da ita, ita ta sani a matsayin uwa. Uwar mijina ta ɓamɓare mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta tura ta gabana, ta ce, “Ga uwarki nan.” Yarinyar ta dube ni, ta saki fitsari a tsaye. Tun tana rarrafe ake gaya mata uwarta mayya ce 'yar mayya, sun cinye kakanta, in ta ƙi jin magana za a kira ta ta zo. Ba wanda ya tsaya ya gaya mata an canza magana. Aka miƙo ƙullin kayanta, aka saki asabarin zaure.

Ɗan Baffa ne ya ɗora ta a jaki. Duk sa'ad da na matso sai ta tofar da yawu ta ce, “Kurwata kur,” abin da ake koya wa yara su faɗa in sun gamu da maye. Na miƙa mata ƙuli-ƙulin kakarta, ta make hannuna ya zube. Na koma bayan jakin na bi su daga nesa har Dutsin-Ma.

A gida ta ƙi cin duk abin da na taɓa ko Inna ta taɓa. Matar Kawu ke ba ta, shi ma sai ta ga an ɗanɗana. Ba ta kuka, ba ta wasa. Takan zauna a bakin rumbu ta jingina bayanta da shi, idonta a kaina duk inda na juya. Idanun suka faɗa don rashin barci. Na yi lallashi, na yi rantsuwa, har na sa Kawu ya ɗauko Alƙur'ani na dafa. Ta dube ni kawai, don an gaya mata mayu sun iya rantsuwa.

Wata safiya ina tsugune ina ɓarzar gyaɗa, sai na ga inuwa a kan tabarmar. Na ɗaga kai, ita ce, ta zo da kanta, karo na farko. Ta tsaya daf da ni, ta runtse ido, ta miƙo mini hannunta na dama.

Ta ce, “In za ki cinye ni, ki cinye ni yau. Na gaji da jira.”